Kafaɗar da Ta Saba da Duka: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Ƙwallon Raga a Kano

Matashi ne ɗan shekara 22, ɗalibi, mazaunin cikin birnin Kano. Tsayinsa mita 1.89, nauyinsa kilo 74, da hannun dama yake wasa. Tun yana shekara 12 yake buga ƙwallon raga, kuma ya daɗe a matsayi ɗaya: mai duka daga gefen hagu na raga, wurin da 'yan wasa ke kira lamba huɗu. Kocinsa ne ya rako shi sashen fisiyo bayan ya shafe wata uku yana fama da kafaɗar dama. Da aka ce ya nuna inda ke masa ciwo, sai ya zagayo da hannun hagu ta saman kafaɗar ya dafe bayanta da tafin hannu gaba ɗaya. "Likita, ciwon da sauƙi," in ji shi. "Abin da ya dame ni, in na yi simash goma sai hannun ya mutu, ƙwallon ba ta tafiya."

Yadda abin ya faro

Bai faɗi ba, bai kuma ji wani abu ya yi ƙas a duka ɗaya ba. Sai da aka zauna da kocin aka yi lissafi sannan zaren ya fito. A da kwana biyar yake fita fili a mako, daga bayan la'asar zuwa magariba, yana yin duka da sabis kamar 80 a rana, wato 400 a mako. Da gasa ta matso aka ƙara fitar safe, kwanaki suka koma shida, bugun ya kai kamar 150 a rana, 900 ke nan a mako. Cikin mako uku aikin kafaɗar ya ninka fiye da sau biyu, kuma a daidai lokacin ne ya fara koyon sabis na tsalle.

Ciwon na zuwa masa a wuri biyu: idan ya ja hannu baya har ƙarshe kafin duka, da kuma bayan ƙwallon ta bar hannu. Da dare yakan ji tsami idan ya kwanta a ɓangaren, amma ba ya tashinsa daga barci. Kabbara, sa riga, ɗaukar bokitin ruwa, duk ba sa damunsa. Kafin ya zo ya sha diklofenak na kemis, maganin rage ciwo, kusan wata guda, an yi masa ƙaho sau biyu a bayan kafaɗar, wani abokin wasa kuma ya ba shi shawarar tiramadol ranar gasa, Allah ya sa bai sha ba. An ja masa kunne a kan wannan, domin ban da haɗarin ƙwayar ita kanta, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024.

Akwai tambayoyin da ba a tsallakewa a nan ko da mai ciwon ƙato ne lafiyayye. An tambayi jinotaif ɗinsa, domin sikila na kashe kan ƙashin damtse kamar yadda take kashe kan ƙashin cinya, kuma ciwon nata a hankali yake farawa. Shi AA ne. Babu zazzaɓi, rama, tari ko gumin dare da za su sa a yi tunanin tarin fuka a gaɓa. Wuyansa na juyawa lafiya, danna kai ƙasa bai tura ciwo zuwa hannu ba, yatsu ba sa yin sanyi ko tsira-tsira.

Abin da shekara goma na duka ke yi wa kafaɗa

Kan ƙashin damtse dunƙule ne, ramin da yake zaune a ciki a jikin allon kafaɗa kuma ƙarami ne marar zurfi, kamar an ɗora lemo a kan murfin kwalba. Abin da ke riƙe shi su ne leɓen guringuntsin da ya zagaye ramin, jakar gaɓar, da tsokoki huɗu da suka rungume kan ƙashin: ɗaya a gaba mai juya hannu ciki, ɗaya a sama, biyu a baya masu juya shi waje. Babbar cikin na bayan ita ce infirasfinatus, wadda ta cika faɗin allon a ƙasan tudun ƙashin nan da kowa zai iya shafawa a bayan kafaɗarsa.

Ragar maza tsayinta mita 2.43, ta mata 2.24, ƙwallon kuwa giram 260 zuwa 280 ce kawai. Gudu da maimaici ne ke cin kafaɗa. Mai duka yana sama, ƙafarsa ba ta taka komai, don haka ƙarfin dukan daga ƙugu, ciki da gadon baya zai taso ya bi ta kafaɗa. Yakan ja hannu baya ya juya shi waje har iyaka, ya sake shi da gudu, sannan tsokokin baya su taka birki don kada kan ƙashin ya bi ƙwallon. Masu bincike na Jamus, Kugler da abokan aikinsa, sun ƙiyasta a 1996 cewa ƙwararren mai duka na yin kusan 40,000 a shekara. Matashin nan da 400 ɗinsa a mako yana kusan rabin haka.

Jiki na amsa wannan aiki ta hanya biyu, kuma duk amfanin awo shi ne a raba su. Ta farko ta ƙashi ce. Ana haihuwar jariri kan ƙashin damtsensa na kallon baya sosai, yana girma ƙashin na murɗowa gaba. Yaron da ya fara duka tun ƙashinsa bai gama girma ba, hannun da yake wasa da shi ba ya ƙarasa murɗowar. Sai juyin waje ya ƙaru, juyin ciki ya ragu daidai gwargwado, jimillar biyun na nan yadda take. Wannan riba ce ga ɗan wasa, don tana ba shi doguwar hanyar tara gudu ba tare da ya sassauta gaban jakar gaɓa ba, kuma babu miƙar da za ta canza ƙashi. Ta biyu ta nama ce. Saboda yawan taka birki, tsokokin baya da bayan jakar gaɓar kan yi tauri su ƙanƙance, juyin ciki ya ragu, juyin waje bai biya bashin ba. Wannan ce ke tura kan ƙashin sama da baya idan an ja hannu, har ƙasan jijiyoyin tsokokin ya matse tsakaninsa da leɓen ramin.

A takardun likitoci ana taƙaita raguwar juyin ciki da GIRD, sunan da ya yaɗu bayan rubuce-rubucen Burkhart, Morgan da Kibler a 2003. Ma'aunin da aka fi bi shi ne a damu idan bambancin juyin ciki tsakanin hannu biyu ya kai digiri 18 zuwa 20, kuma jimillar juyin ta gaza ta ɗaya hannun da fiye da digiri 5. Kevin Wilk, masanin fisiyo ɗan Amurka, shi ne ya jaddada wannan batu na jimilla. Daga masu jifa a wasan besbol na Amurka aka samo alƙaluman, saboda haka a ƙwallon raga jagora muke ɗaukarsu, dole a haɗa su da ciwo da ƙarfi kafin a yanke komai.

Awon juyi

Majiyyaci ya kwanta rigingine a gado mai tauri, katifa mai lotsawa na ɓata awo. A buɗe damtse digiri 90 daga jiki, a lanƙwasa gwiwar hannu digiri 90, yatsu na kallon silin. A naɗe ƙaramin tawul a sa ƙarƙashin damtsen don ya yi layi ɗaya da kafaɗa, gwiwar hannu ta ɗan leƙo daga bakin gado. Mutum biyu ake so. Na farko ya ɗora babban yatsa a kan tsinin ƙashin nan mai kama da bakin tsuntsu da ke gaban kafaɗa, sauran yatsunsa a kan tudun allo ta baya, ya riƙa sauke hannun a hankali wajen ƙafa. Da zarar tsinin ya fara tasowa yana tura babban yatsan, an kai ƙarshe, a tsaya nan. Na biyu ya karanta goniyomita, ma'aunin kusurwar gaɓa mai ƙafa biyu: cibiyarta a tsinin gwiwar hannu, ƙafarta ɗaya a tsaye, ɗayar tana bin ƙashin ɓangaren ƙaramin yatsa zuwa ƙullin wuyan hannu. A yi sau uku a ɗauki matsakaici, sannan a maimaita wajen kai don juyin waje. Manhajar waya mai auna karkata tana yi, muddin waya ɗaya da mutum ɗaya za su riƙa awon kullum.

Wurare uku ake yawan yin kuskure. Idan ba a riƙe allon ba, kafaɗar gaba ɗaya ce za ta mirgina gaba, a samu juyin cikin ƙarya, a ce wa mutum lafiyarsa ƙalau. Idan aka danne kan ƙashin da tafin hannu da ƙarfi, an toshe gaɓar, sai a samu raguwar da babu ita. Idan kuma aka auna ɗan wasa daga fili kai tsaye, tsokokin baya na nan a ɗaure, juyin ciki zai fito ƙasa da yadda yake. Shi ya sa aka sa matashin ya huta kwana ɗaya kafin awo. Duk da haka, bambancin da bai kai digiri 5 ba tsakanin awo biyu bai isa a kira shi sauyi ba.

Hannun dama ya ba da juyin waje 112, juyin ciki 34, jimilla 146. Na hagu ya ba da 100 da 58, jimilla 158. Juyin ciki ya gaza da digiri 24, amma juyin waje ya ƙaru da 12. Wato kusan rabin raguwar canjin wuri ne kawai, irin wanda ƙashin yaron da ya fara wasa a shekara 12 kan yi. Sauran 12 ɗin su ne suka ɓace daga jimilla, su ne kuma abin nema. Da aka riƙe gefen allon aka ja damtsen ya ratsa ƙirji, na dama ya tsaya digiri 5 da wuce layin tsaye, na hagu ya kai 16. An sa shi ya tura hannun waje a hankali na daƙiƙa 5 yana saki, sau shida, sai aka sake awo: juyin ciki ya tashi daga 34 zuwa 39 nan take. Jakar gaɓa ba ta saki cikin minti biyu. Tsoka ce ta saki, kuma wannan labari ne mai daɗi.

Abin da riga ta ɓoye

Wata uku yana yawon neman magani, babu wanda ya tsaya a bayansa ya kwatanta kafaɗun biyu. Da ya tuɓe riga ya juya baya, hasken taga na dukansa ta gefe, sai ga kafaɗar dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu, abin da aka saba gani a hannun da ake aiki da shi. Amma a ƙasan tudun allon dama akwai kwarmi mai faɗin yatsu uku, inuwa ta kwanta a ciki, shatin ƙaho biyu na zaune a kansa. Ɓangaren hagu a cike yake. Saman tudun ma a cike yake a duka biyun.

Wannan kwarmi sananne ne a ƙwallon raga. Likitan ƙashi ɗan Italiya, Andrea Ferretti, da abokan aikinsa sun duba 'yan wasa 96 a gasar Turai ta 1985, suka samu 12 da tsokar infirasfinatus ta hannun wasa ta shanye, ba tare da suna kukan ciwo ba, suka wallafa a 1987. Dalilin na jikin jijiyar saƙon da ke ciyar da tsokar. Tana tasowa daga wuya, ta shiga ta wata ƙaramar tsaga a saman allo ta ba tsokar sama reshe, sannan ta yi kwana a gindin tudun ta sauka ga infirasfinatus. A wannan kwanar take shan ja da matsi idan hannu ya kai ƙarshen juyi, ko idan wani ƙullin ruwa ya taso daga yagewar leɓen guringuntsi ya danne ta. Tunda tsokar sama lafiya take, matsalar a kwanar ƙasa take.

Ma'aunin ƙarfi na hannu ya tabbatar da abin da ido ya gani. Dama: juyin waje kilo 9.5, juyin ciki 16, wato na waje kashi 59 cikin ɗari ne na na ciki. Hagu: 12.5 da 15, kashi 83. Ana so mai duka ya kai wajen kashi 75. Birkinsa ya gaza injinsa, shi ne mutuwar hannun da yake faɗa bayan duka goma.

Don duba tafiyar allon, an ba shi ƙarfe kilo 2.3 a kowane hannu, nauyin da gwajin McClure ya ware wa wanda ya kai kilo 68, ƙasa da haka kuma 1.4. Ya ɗaga ta gaba sau biyar, ta gefe sau biyar. Hawan lafiya lau, amma daga saukowa ta uku ƙasan allon dama ya fara ɓallewa daga haƙarƙari yana leƙowa. Da aka taimaka wa allon da hannu ya juya sama, ciwon ya ragu daga 5 zuwa 2 cikin 10. Wannan ya fi ganin ɓallewar muhimmanci, domin 'yan wasa da yawa allonsu na yin haka ba sa jin komai.

Sauran gwaje-gwajen ba su ɗau lokaci ba. Da aka kai hannun matsayin ja baya, ciwon bayan kafaɗa ya ji, ba tsoron gocewa ba, da aka danna kan ƙashin baya kuma ciwon ya lafa. Tsokar sama na da ƙarfi, gaɓar ba ta yi sako-sako ba, maki 2 cikin 9 ya samu a ma'aunin laushin gaɓoɓi na Beighton. Juyin gadon bayansa zuwa dama ya gaza na hagu, abin da ke tilasta wa kafaɗa ta nemo abin da baya bai bayar ba. Hoton ƙashi bai nuna komai ba. Sikanin ya nuna jijiyoyin tsokokin ba su yage ba, babu ƙullin ruwa a kwanar jijiyar. A Kano irin wannan lamari yawanci Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ake kai shi. Likitan ƙashin da ya duba shi ya amince a jinkirta hoton MRI da gwajin jijiyar saƙo, da sharaɗin za a yi su idan ƙarfi bai motsa ba cikin mako shida ko kwarmin ya ƙaru.

Magani

An dakatar da duka da sabis na sama, an bar masa karɓa, gudu da tsalle, don ɗan wasan da aka raba da fili kwata-kwata ba ya jure magani. An tsayar da diklofenak na kullum. An kuma hana shi wata al'ada ta filayenmu, inda abokin wasa ke kama hannayen mutum ta baya ya ja, ko mutum ya maƙale hannu a ƙarfen raga ya tura ƙirji gaba. Mai juyin waje 112 ba ya buƙatar ƙari.

Miƙa iri biyu aka ba shi, daƙiƙa 30 sau uku, safe da yamma. Ta farko, ya kwanta a gefen dama don nauyinsa ya danne allon, ya ja damtsen ya ratsa ƙirji da hannun hagu. Ta biyu, a kwance a gefen, damtse a gaba digiri 90, ya mirgina jiki baya digiri 20 zuwa 30, ya sauke hannun wajen gado a hankali. Ja ake so ya ji a bayan kafaɗa. In ya ji tsini a gaba ko a sama, ya tsaya. Don ƙarfi, ya kwanta a gefen hagu, tawul tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, gorar ruwa lita ɗaya a hannun dama, ya ɗaga ya sauke cikin daƙiƙa uku, 15 sau uku. Aka haɗa da ɗaga hannu a kwance rub-da-ciki, zame hannu a bango, da juyin gadon baya. Daga mako na uku aka koma jan roba a tsaye, damtse a buɗe digiri 90, da saki-kama na ƙwallo mai rabin kilo.

A mako na biyar aka yi tuntuɓe. Juyin ciki ya kai 41, ciwo ya kusa ɓacewa, sai ya ga gara ya gaggauta. Ya daina mirgina baya, ya riƙa kwanciya a kan kafaɗar sosai yana danna hannun da ƙarfi minti guda, ranar Juma'a da yamma kuma ya buga zagaye uku a wasan unguwa. Ya dawo da sabon ciwo a gaba da saman kafaɗa, juyin ciki ya koma 37. Ba abin mamaki ba ne: wannan kwanciyar kusan ita ce matsayin da likita ke sa hannu da gangan idan yana son matse jijiyar sama a gwaji. An cire wannan miƙar kwana goma, an bar ta ratsa ƙirji, ciwon ya wuce.

A mako na takwas juyin waje ya kai kilo 11.3, kashi 71 na juyin ciki, ba ya jin ciwo a motsa jiki. Nan aka fara mayar da duka, rana ɗaya aiki rana ɗaya hutu. Ya fara da 20 a tsaye a jikin bango da rabin ƙarfi, sai sassauƙan duka a raga, sai sabis a tsaye, sai dukan tsalle da rabin ƙarfi zuwa kashi uku cikin huɗu. Sabis na tsalle ne ya zo ƙarshe. Ƙa'idar ita ce ciwo kada ya wuce 2 cikin 10, kuma ya tafi kafin gobe, in ya ƙi a koma matakin baya. Kocin ya riƙe ƙaramar na'urar ƙirga ta yatsa yana danna kowane bugu, kuma ba a ƙara fiye da kashi ɗaya cikin biyar a mako. Bidiyon waya da aka rage wa gudu ya nuna yana shigewa ƙarƙashin ƙwallon yana dukanta a bayan kansa. Kocin ya ja masa wurin tashi baya da rabin taku don ƙwallon ta faɗo a gaban kafaɗar dama. Da yake lokacin hunturu ne, an tsawaita ɗumin jiki zuwa minti 15, biyar daga ciki da roba.

A mako na 12 dama ta ba da juyin waje 112, juyin ciki 44, jimilla 156, saura digiri 2 ta kamo hagu. Ƙarfin juyin waje kilo 12, kashi 75. Matashin ya ga har yanzu akwai tazarar digiri 14 a juyin ciki, ya ce, "Likita, a ƙara min miƙar mu cike sauran mana." An nuna masa jimillar, an ce wannan 14 ɗin na ƙashinsa ne, matsa masa zai sassauta gaɓar ne kawai. An rage miƙar zuwa sau ɗaya bayan kowane atisaye, jan roba kuma sau uku a mako har tsawon kakar wasa.

A wata na shida yana buga cikakken wasa ba ciwo. Kwarmin ya ɗan cike amma bai ɓace ba, kuma an gaya masa mai yiwuwa ya zauna haka, ƙaramar tsokar baya da ke ƙarƙashinsa, wadda jijiyarta daban ce, tana ɗaukar wani ɓangare na aikin. An ɗauki hoton bayan kafaɗun biyu a gaban tagar da aka fara dubawa, an rubuta alƙaluman a katinsa. Zai dawo nan take idan ƙarfin juyin waje ya ragu, ko kwarmin ya hau saman tudu, ko ciwo ya fara tashinsa da dare. In ba haka ba, awo na gaba mako biyu ne kafin gasa, bayan hutun kwana ɗaya.